Na Yi Wa Kumatuna Gashin Jego

Ina gaida masu wannan mujalla da masu karanta ta, manya da yara. Ni ban taɓa zama a aji ba, ɗiyata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa sunan kowa.

A lokacin da abin nan ya same ni, ni tsohuwa ce mai jikoki, ina zaune a Samaru bayan kasuwa, a gidan da maigidana ya bar mini kafin Ubangiji ya kira shi. Abu biyu aka san ni da su. Na farko wankan jego. In mace ta haihu a unguwarmu, Musulma ce ko Kirista, Bahaushiya ce ko Bayarbiya, ni ake aikowa a kira. Ni ke ɗora tukunya, ni ke tsoma ganye a tafasasshen ruwa, ni ke gasa ciki da baya da ƙafafun da suka kumbura har su saɓe. Hannuna ya san kumburi kamar yadda ya san bakina. In na ga jiki ya tashi ba na tambayar kowa, itace nake nema. Na biyu kuwa waƙa. A zumuntar mata ta cocinmu ni ce mai bayarwa, sauran mata suna amsawa, aminiyata tana buga tulu a gefena. Kuma muna da wata al'ada: duk yarinyar da za a aurar a cikinmu, ni ke ƙaga mata waƙarta ita kaɗai, in ambaci iyayenta da kakanninta, in yi mata faɗa, in sa mata albarka, da ita ake raka ta daga ƙofar coci har gaban fasto. Amshi kaɗai nake koya wa mata. Baitocin a kaina suke zama, ba wanda ke jin su sai ranar, don in an ji su tun da wuri ba sa sa kowa hawaye.

Ana nan ana nan, sai auren jikata ya taso. Wannan yarinya 'yar ɗana na fari ce, wanda ya rasu tana rarrafe, a bayana ta girma. Na yi wa 'ya'yan mutane waƙa har ban san iyakarsu ba, ga shi yau ta zo kan tawa. Jama'a, murnar da na yi ba ta faɗuwa. Ina tuƙa tuwo ina ƙaga baiti, ina shara ina ƙaga baiti. Akwai wani da na yi a kan ubanta, yadda yake ɗora ta a wuya ya zaga tsakar gida, wanda ni kaina in na rera shi a zuci sai na nemi wuri na zauna. Angon kuwa ɗan wasu 'yan kasuwa ne na Sabon Gari, iyayensa daga kudu suka zo amma shi a Jushi aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ya koya mini. Ya iya wasan jika da kaka. Duk zuwan da zai yi sai ya durƙusa ya kira ni amaryarsa ta gaskiya, ya ce yarinyar nan rakiya kawai ta yi. Ni kuma in ce ya tashi ya ba ni wuri, ban auren mai siririn wuya.

Abin da ya tayar mini da hankali majigi ne. An yi wani biki a cocinmu, masu ɗaukar hoto suka kafa wani ƙaton allo a gaba, duk wanda suka haska sai ga shi ya cika bango. Ina cikin ba da waƙa na ɗaga kai, sai na ga wata tsohuwa a allon, kumatunta sun faɗa ciki kamar an kwashe su da ludayi, in ta buɗe baki sai ramin ya ƙara zurfi. Sai da na ga ɗankwalin na gane ni ce. Turamen haƙorana sun daɗe da zubewa, na sani, amma madubin ɗakina ƙarami ne, bai taɓa faɗa mini gaskiya haka ba. Na gama waƙar, amma tun daga ranar na riƙa tunanin haka za a haska ni a bikin jikata, gaban dangin ango, kuma haka 'ya'yanta za su gan ni bayan ba ni.

Ranar da muka shiga kasuwar Sabon Gari ɗaukar anko ni da ɗiyata, muka je rumfar wata mai atamfa da na daɗe da sani, ni na yi wa surukarta wanka. Matar nan ba ta fi ni da yawa a ƙuruciya ba, amma na tarar da fuskarta a cike tana sheƙi. Na ce ko dai ciniki ne ya karɓe ta haka. Ta yi dariya har tana buga cinya, ta jawo ni bayan tulin atamfa, ta ce da Hausarta mai haɗe da Turancin kasuwa wai allura ce, sunanta fila, wani ruwa ne mai kauri ake ɗurawa ƙarƙashin fata ya cike inda ya rame. Ta kama yatsana ta ɗora a kuncinta. Taushi kamar na jariri! Ta ce akwai wata yarinya a bayan shagon gyaran gashi da ke yi da sauƙi, akwai kuma likita mace da ta karanci fata, ita wurin likitar ta je. Ban ji sauran abin da aka yi a kasuwar ba. A bas, tun daga Kwangila har Palladan har muka sauka, maganar nake yi.

Ɗiyata malamar makaranta ce, ba ta da saurin yarda. Da farko ta ce Mama ki ji tsoron Allah, me mutane za su ce. Na ce mata mutanen da za su ce ɗin su ma lalle suke sawa, suna shafa baƙi a furfura, ni kuma ban ce a mai da ni budurwa ba, ramin nan kawai nake so a rufe. Da ta ga ba zan bari ba, sai ta kafa mini sharaɗi: ba shagon kitso, ba bayan kanti, sai wurin likita, kuma ƙafarta ƙafata. Wannan kam na gode mata har gobe. Sai dai jayayyar ta ci mana lokaci, har biki ya matso kafin mu je.

Likitar yarinya ce a idona, ba ta kai ɗiyata ba, amma tana da natsuwa. Ta gaishe ni da Mama, ta zaunar da ni, ta yi ta tambaya kamar mai neman aurena. Ko ina da ciwon suga, ko ina shan maganin da ke tsinka jini, ko wata allura ta taɓa tayar mini da borin jini, ko akwai haƙorin da ke mini ciwo. Ta leƙa bakina da fitila. Ta nuna mana kwalin maganin a rufe, ta sa ɗiyata ta karanta ranar lalacewarsa, ta ce wannan irin shi ne wanda in an samu matsala akwai wata allurar da ke narkar da shi, kuma ba na har abada ba ne, jiki na shanye shi a hankali. Da ta ji biki ya kusa sai ta ce ta fi son a samu tazara mai yawa, amma in na kiyaye abin da za ta faɗa, kumburin zai sauka da sauran lokaci. Sannan ta lissafa mini. Wurin zai ɗan tashi, wannan ba komai ba ne. Kada in taɓa, kada in murza, kada in shafa kowane irin mai, kada in kwanta a kansa, kada in kusanci zafi, ko na murhu ne. In ya dame ni, in naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta in ɗora a hankali. In kuwa na ji zafi mai tsanani, ko fatar ta canza launi, ko idona ya yi hazo, in zo a guje ko da wane lokaci ne. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa to, to. Amma gaskiya tun da ta ambaci ƙanƙara zuciyata ta ce yarinyar nan allura ta sani, ba ta san kumburi ba.

Allurar kanta kuwa, ku ji ni da kyau, ba ta kai cizon cinnaka ba. Ta wanke fuskar da wani ruwa mai sanyi, ta shafa wani mai da ya sa wurin ya mutu kamar ba jikina ba, ta sa safar hannu, ta riƙa yi kaɗan kaɗan tana ja da baya tana dubawa, tana tambayata ko lafiya. Har hira muka yi, na ba ta labarin tagwayen da na taɓa yi wa uwarsu wanka. Da ta gama ta miƙo mini madubi. Wayyo Allah! Fuskar da na bari tun kafin a haifi jikata, ita ce ke kallona. Ba a mai da ni wata ba, ni ce dai, amma ni ɗin da ta ƙoshi ta huta. Na yi dariya, na yi guɗa a cikin asibitin mutane har wata ma'aikaciya ta leƙo. Ɗiyata da ta zo da fuska a ɗaure sai ga ta tana share ido, ta ce haka take tuna ni ranar da na kai ta makarantar kwana.

Da yamma gida ya cika. Jikata ta riƙa zaga ni tana tafi, ta ce Kaka kin ci amanata, yanzu wa zai kalli amarya. Ango ya kawo buhun shinkafar biki, ya tsaya a ƙofa ya dafe ƙirji, ya ce a kira fasto a canza suna tun kafin a buga sauran katin gayyata. Na ce ya makara, yanzu kuma na fi ƙarfinsa. Aminiyata mai tulu ta zo, ta juya ni dama ta juya ni hagu, ta ce in rantse ba tsumma na cusa a baki ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Na ɗaura gwaggwaron biki na gwada a gaban madubi, na buɗe baki kamar ina ba da waƙa, rami bai dawo ba.

Da gari ya waye sai na ga wurin ya ɗan tashi, na hagu ya fi, da ɗan duhu inda allura ta shiga. Abin da likita ta faɗa ke nan, ba ƙari. Da na zauna na naɗe hannuna, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ɗiyata ta tafi makaranta, jikata ta tafi wurin tela, aka bar ni da kumburi a gida, ni da ban taɓa ganin kumburi na ƙyale shi ba. Na ce a raina biki ya matso, bari in taimaka wa aikin likita ya yi sauri. Ƙanƙara kuwa ko kallon inda take ban yi ba, don a saninmu sanyi ne ke shiga jiki ya daskarar da jini. Na hura wuta, na tafasa ruwa da ganyen darbejiya, na ɗauko tawul ɗin da nake aiki da shi, na lulluɓe kaina a kan tururi har gumi ya jiƙa ni. Sannan na tsoma tawul na danna a kunci, na murza daga sama zuwa ƙasa da ƙarfi yadda nake yi wa cikin mai jego, na bi da man kaɗanya haɗe da man zafi. Na ji daɗi ƙwarai. Da la'asar na sake, don gashi safe da yamma ake yinsa.

Kashegari kuncin hagu ya ninka, ya yi ja, kuma cikar da ke sama ta gangaro ta taru kusa da muƙamuƙi kamar na ɓoye goro. Kun san abin da na ce? Na ce ciwo ne ke fitowa, gashin bai isa ba. Na kira aminiyata ta riƙe mini kai don in samu dannawa da kyau. Ita ma ba ta ga laifin abin ba, tare muka tashi, abin da ta sani ke nan. Ta dai ce ko a gaya wa malama, wato ɗiyata, na ce ta rufa mini asiri, kafin Lahadi ya saɓe. Na shiga yawo da mayafi a tsakar gida ina cewa mura nake yi. Ranar gwajin waƙa na aika cewa ina da baƙi. Kunya ce ta riƙe ni. Yaya za a ji cewa matar da ke sauke kumburin unguwa ta kasa sauke nata?

Jikata ce ta tone ni. Ta kawo mini kunu ta ga na kasa buɗe baki in sa ludayi, ta yaye mayafin, ta saki kwanon a ƙasa. Lokacin wurin ya yi tauri yana zogi har cikin kunne, ga zazzaɓi. Ɗiyata ta baro aji ta zo, ta ɗauke ni sai asibitin likitar a Sabon Gari. Likita ta duba, ta tambaye ni me na yi. Na faɗa mata duka, har ganyen. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce Mama, ramukan allura ba su gama rufewa ba kika danna musu tawul da mai, ƙwayar cuta ta samu hanya, zafi ya ƙara kumburin, murzar kuma ta ture maganin daga inda aka ajiye shi. Ta ce abin da nake murzawa a jikin masu jego daban, wannan abu ne aka zuba aka daidaita da hannu, yana bukatar a bar shi ya zauna. Ta ce da na ƙara kwana, da sai an kwantar da ni a babban asibiti a Shika. Aka ɗan tsaga aka fitar da mugunya, aka ɗora ni a kan magani, da wurin ya lafa ta narkar da abin da ta zuba, hagu da dama, don kada in zama mai fuska biyu. Na tambaye ta waƙa fa. Ta ce rai da ido sun tsira, mu gode wa Allah, amma muƙamuƙi ba zai saki da wuri ba.

Ban yarda ba. Na yi addu'a, na riƙa gwada buɗe baki kaɗan kaɗan. Aminiyata ta ce in koya mata baitocin ko da ta hanci ne, ta riƙe mini su. Na ƙi, na ce waƙar jikata ba za ta fita ta bakin wani ba. Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma shi ma taurin kai ne.

Ranar biki coci ya cika maƙil. Dangin ango sun zo da manyan gwaggwaro kamar za su taɓo rufi, namu matan sun jeru cikin anko, allon nan yana gaba. Na tsaya a ƙofa da filasta a kunci, ramina ya dawo har ya fi na da. Jikata ta fito cikin fararen kaya, kyakkyawa kamar ubanta, ta kalle ni ta yi murmushi. Aminiyata ta buga tulu. Na ja numfashi na ɗauko baitin farko, sai bakin ya buɗe iya shigar yatsa ya tsaya, wani zogi ya harba har tsakar kaina, muryar ta fito siririya, ko na kusa da ni ba su ji ba. Tulu ya zaga ya dawo yana jirana. Na sake, haka. Mata suna riƙe da amshi a baki, ba abin da za su amsa. Da shirun ya yi yawa, aminiyata ta ɗauko wata tsohuwar waƙar raka amarya da kowa ya sani, mata suka karɓa, aka wuce. An yi rawa, an yi guɗa, biki ya yi kyau ƙwarai, baƙi ba su ma san an rasa wani abu ba. Ni na bi bayan jikata ina tafi. Baitin ubanta yana cikin bakina har muka isa gaban fasto.

Bayan na warke na je gidanta a Jushi na rera mata waƙar daga farko har ƙarshe, tana zaune a bakin gado, mijinta yana tsaye a ƙofa, ranar bai yi wasa ba. Ta yi kuka ta ce ta fi son ta haka. Yarinya ce mai kirki, na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa. Kuma kada ku ce na tsorata da allurar. Da likita ta ce wurin ya koma daidai, na koma aka sake mini, na zauna a gida hannuwana a cinya, ɗiyata ta kulle tawul ɗin a akwatinta. Ƙanƙarar da na raina na ɗora, ɗan kumburin ya sauka da kansa. Ga ni nan yau da kumatuna, ina ba da waƙa, a haska ni a kowane bango ba ruwana.

To 'yan'uwana mata, musamman tsofaffi irina da hannunmu ya saba da aiki, ga abin da na gani. In ranku na son wannan gyara, ba abin kunya ba ne, amma ku je wurin likitan da ya karanci abin, a wuri mai tsabta, ku ga kwalin da idonku, ku tambaya ko ana iya narkar da shi. Kada ku ɓoye ciwonku ko maganin da kuke sha. Kada ku yi ana gab da biki, ku ba shi lokaci. Abin da aka hana ku, ku bar shi ko da ya saɓa wa abin da kakanninku suka koya muku, don sanin da na yi tinƙaho da shi na gaskiya ne a wurinsa, na ɗauke shi na kai inda ba nasa ba. In kuma kun ga abu ya canza, ku faɗa a ranar, kada ku ja mayafi. Ni da na yi magana tun kwanan farko, da muƙamuƙina ya saki kafin biki. Fuska an sake mini ita, ta ma fi ta farko kyau. Amma jikata sau ɗaya za ta shiga coci da fararen kaya, kuma ba na roƙon Allah ya maimaita mata don in samu in yi waƙata.